Ɗana na wanke hannu da fetur a gareji: in cire shi ko in bar shi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ɗana ɗan shekara 16 na kai koyon kanikanci a wani gareji da ake gyaran mota, ana walda, ana kuma cajin batir a gefe. Kullum yakan dawo hannu baƙi ƙirin, fatar duk ta tsattsage, wai da fetur suke wankewa. Sau biyu yana tashi cikin dare ido jawur yana hawaye kamar an watsa masa yashi. Maigidansa ya ce zai saba, ya riƙa shan madara. Mahaifiyarsa ta ce a cire shi. Ina neman shawara.

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malam, Allah ya raya maka shi, ya sa wa sana'ar albarka. Kada ka yi gaggawar cire shi, domin kanikanci sana'a ce da ke riƙe gida, kuma kusan duk abin da ka lissafa ana iya gyara shi da kuɗi kaɗan. Amma maganar "zai saba" kada ka karɓe ta. Hanci ne ke sabawa da warin fetur har mutum ya daina jin sa. Jini da huhu ba sa sabawa. Mahaifiyarsa tana da gaskiya da ta tsorata.

In an ce haɗarin gareji, abin da ke zo wa mutane a rai shi ne mota ta faɗo wa bakanike ko tanki ya fashe. Waɗannan suna faruwa, zan kuma zo kansu. Sai dai a aikina na duba lafiyar masu sana'ar hannu, abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne wanda ba ya zubar da jini: abin da ke shiga ta fata, ta baki, ta hanci, kaɗan-kaɗan kowace rana. Sai bayan shekaru ya bayyana, lokacin ba wanda zai danganta shi da gareji, a yi ta neman maganin sammu ko na ciwon shawara. Saboda haka a kan hannun nan nasa zan fi daɗewa.

Fatar mutum tana da nata maiƙo da ke riƙe ta da laushi, yana kuma tare abin da zai shiga jiki. Fetur ba ya bambanta giris da wannan maiƙon, duka yake kwashewa. Shi ya sa hannun ke fita fes nan take, bayan ɗan lokaci kuma ya bushe ya yi fari-fari, ya fara tsagewa a gaɓoɓin yatsu da gefen farce, in hunturu ya shigo har jini. Kowace tsaga ƙofa ce. A cikin fetur kuwa akwai sinadarin benzin, wanda hukumar binciken cutar kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe da tabbatar da cewa yana haddasa kansar jini. Yana shiga ta numfashi, yana shiga ta fata. Tsofaffin kanikawa za su ce ai an cire guba daga fetur. Dalma ce aka cire, Aljeriya ce ƙasa ta ƙarshe da ta daina sayar da fetur mai dalma a 2021, amma benzin yana nan. Kananzir, gas da tina (ruwan da ake tsinka fenti da shi) duk haka suke cin fata. Ga kuma hannu jiƙe da fetur a wurin da tartsatsin walda ke tashi.

Baƙin man da aka juye daga inji ya fi sabo illa nesa ba kusa ba, saboda ya kwashi ƙonannen sinadarai da ɓurɓushin ƙarfe. Tun 1775 wani likita a Landan, Percivall Pott, ya lura cewa masu share bututun hayaƙi tun suna yara suna kamuwa da kansar fatar maraina saboda kunkunniyar da ke zama a jikinsu. Dangin waɗannan sinadaran ne ke cikin baƙin mai. Na kawo wannan ne saboda wata ɗabi'a da kusan kowane yaron gareji ke da ita: tsumman goge hannu a cusa shi cikin aljihun wando. Tsumman ya jiƙe da mai, aljihun ya jiƙe, gajeren wandon ciki ya jiƙe, kuma haka zai yini cikin zafin rana yana gumi. Ka faɗa masa tsumma ya rataye shi, ko ya ɗora kan mota. Ya kuma wanke hannu kafin ya zagaya bayan gida, ba sai bayan ya fito kaɗai ba.

To da me zai wanke? Ya fara goge abin da zai gogu da busasshen tsumma. Ya zuba ɗan man gyaɗa a tafin hannu, kamar cokali ɗaya, ya murza sosai har bayan hannu da tsakanin yatsu. Mai ne ke narkar da mai, za ka ga baƙin ya taso. Ya goge, sannan ya sa sabulu da ruwa. In akwai sauran da ya maƙale, ya haɗa da garin katako mai laushi daga wurin kafintoci, ya fi yashi sauƙi a fata. Tsohon burushin haƙori ya isa ƙarƙashin farce, farcen kuma ya riƙa yanke shi ƙasa. Da dare ya shafa man kaɗanya ko basilin. Da safe ma in ya shafa kaɗan kafin ya fara aiki, dattin ba zai kama sosai ba. Omo yana fitar da baƙi, amma shi ma yana busar da fata in kullum ne, gara sabulun wanka ko na wanke-wanke.

Mu da ke alwala sau biyar a rana muna ganin kamar mun riga mun gama da maganar tsabtar hannu. Ka tsaya bakin gareji lokacin azahar ka gani. Yaro zai ajiye sifana, ya ɗauki buta, ya wanke hannu sau uku, ruwan na zamewa a kan giris bai taɓa shi ba. Da wannan hannun zai ɗebi ruwa ya kurkure baki, ya shaƙa a hanci, ya wanke fuska har cikin ido. Ruwa kaɗai ba ya ɗaga mai. Sabulu tukuna, sannan alwala. Haka wajen cin abinci: mai tallan shinkafa da wake ta sauke, a zauna gefen rami a sa hannu. Ledar fiya wata a riƙe ta da baƙin hannu, a kuma ciji daidai kusurwar da yatsa ya taɓa. Goro, gyaɗa, rake, awara, sigari, duka hanya ɗaya suke bi. Ka saya masa cokali ya riƙa ajiyewa a leda, kuma ya ci abincinsa nesa da wurin batir.

Na ambaci batir da gangan, domin nan ne dalma take. Farantan cikin batirin mota dalma ce, kawunansa dalma ne, a abin da masu like lagireto ke narkawa ma akwai ta, haka wasu tsofaffin fenti. Mu 'yan Arewa ba mu buƙatar a ba mu labarin gubar dalma. A 2010 yara sama da 400 suka rasu a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum a Zamfara, a 2015 kuma ta sake ɓulla a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja. Yawancin yaran ba su taɓa shiga ramin haƙar zinariya ba. Duwatsun zinariyar, masu ɗauke da dalma, aka kawo cikin gida ana daka, ƙurar ta zauna a tsakar gida da tufafi, yara na rarrafe suna kai hannu baki. Na san abin da ke gareji bai kai wancan yawa ba, amma hanyar iri ɗaya ce, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jini da za a ce ba ya cutarwa. Jikin ƙaramin yaro yana zuƙar ninki huɗu zuwa biyar na abin da na babba ke zuƙa in sun haɗiyi adadi ɗaya, kuma ƙwaƙwalwa take taɓawa. Mai juna biyu ma tana miƙa ta ga abin da ke cikinta.

Don haka ɗanka ya zama yana da kaya biyu, na aiki da na gida. Na aiki ya cire su a gareji, takalmin ma haka. In dole ya kawo su wanki, a cikin leda, a wanke su daban, ba a baho ɗaya da na ƙannensa ba. In ya shigo gida ya wuce banɗaki ya yi wanka kafin ya ɗauki jariri ko ya zauna kan tabarmar da ake cin abinci. Idan a garejin ana fasa tsofaffin batura ko ana narka dalma a buɗe, wannan aiki ba na ɗan shekara 16 ba ne ko kaɗan. Ciwon ciki mai murɗawa da ya ƙi jin magani, taurin bayan gida, yawan ciwon kai, kasala, saurin fushi, mantuwa, in ka ga sun haɗu ka kai shi babban asibiti ka faɗa wa likita a fili inda yake aiki, ka nemi a auna dalma a jininsa. In ba ka faɗa ba, maganin maleriya da taifot za a rubuta masa ku dawo gida.

Idon da yake tashi da shi cikin dare hasken walda ne ya ƙona masa fatar saman ƙwayar ido. Ba ya nunawa nan take, sai bayan awa 6 zuwa 12, shi ya sa yake kwanciya lafiya ya farka yana kuka. Ba sai shi ne ke waldar ba; wanda ke riƙe wa maigida ƙarfe ya fi kamuwa, domin maigida na da abin rufe fuska shi kuwa sai dai ya kawar da kai, kuma hasken na shiga ta gefe. Baƙin tabarau na kasuwa ba ya wadatarwa, gilashin walda na gaske mai lamba 10 zuwa sama ake bukata, a garkuwar da ke rufe fuska duka. In ya kamu, ya kwanta a ɗaki mai duhu, a ɗora masa tsumma mai tsabta da aka jiƙa da ruwan sanyi a kan rufaffen ido, ya sha farasitamol, kada ya murza. Yawanci cikin kwana ɗaya zuwa biyu yake warkewa. Ban da ɗiga ruwan tumatir, ruwan sikari, nonon uwa ko madara, ban da kuma sayen kowane maganin ɗigawa a kemis ba tare da an duba idon ba, domin wasu suna ɗauke zafin su hana warkewa, wasu kuma su ba ƙwayar cuta dama ta ci idon. In ya wuce kwana biyu, ko ganinsa ya ragu, ko yana jin abu a ido ɗaya kawai, to wataƙila ɗan ƙarfe ne daga giranda ya maƙale. Wannan sai asibitin ido a ranar. Kada a bari wani ya zaƙulo shi da tsinken ashana ko harshe. Ƙarfe yana fara tsatsa a ido cikin sa'o'i.

Madara abinci ce mai kyau, in an ba shi ya sha. Amma ciki take zuwa, hayaƙi kuwa huhu yake zuwa, ba inda suke haɗuwa. Wannan imani ya yaɗu wurin masu walda da masu fenti a ƙasashe da yawa, ba mu kaɗai ba, kuma illarsa ita ce mutum ya shaƙi hayaƙi yini guda hankali kwance don ya san gwangwanin madara na jiransa. A 2017 hukumar binciken kansar nan ta sa hayaƙin walda cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo kansar huhu. Waldar ƙarfe mai farin shafe, irin na bututun ruwa da kwanon rufi, tana kawo zazzaɓi da sanyi da ciwon jiki da dare, gari ya waye ya lafa, mutum ya ɗauka maleriya ce. Maganin shi ne walda a fili, iska na kaɗa hayaƙin gaba, kai kuma ba a sunkuye cikin hayaƙin ba. Takunkumin ƙyalle ko na asibiti da aka saba da shi lokacin korona ba ya tare hayaƙin walda, balle tururin fenti da tina. Na ƙura mai lambar N95 ko FFP2 yana taimakawa wurin gurza ƙarfe da walda. Fentin fesawa kuwa aƙalla sai mai gwangwanin gawayi, domin fentin mota mai haɗi biyu yana iya jawo asma mai wuyar rabuwa da mutum. Ƙurar birki ma kada ya hure ta da baki ko da iskar kwamfuresa, ya jiƙa tsumma ya goge, saboda wasu takalman birki har yanzu da asbestos a cikinsu, wani sinadari da ƙurarsa ke jawo kansar huhu.

Akwai abu biyu da nake so ka zaunar da shi ka ja masa kunne a kai, domin yara ake sa wa. Na farko tsotso fetur da tiyo. Kurɓa ɗaya in ta sarƙe shi ta shiga huhu tana iya kwantar da shi a asibiti. In ya haɗiya, kada a sa shi amai, kada a ɗura masa manja, domin wajen aman ne fetur ke faɗawa huhu. In yana tari ko numfashi na masa wuya, asibiti kai tsaye. Ɗan famfon roba na matsawa da hannu ba shi da tsada. Na biyu zuba man birki ko fetur a kan rauni. Zafin da yake yi ne ke sa a ɗauka yana aiki, alhali naman wurin yake kashewa. Ruwa mai tsabta da sabulu, a danne da ƙyalle mai tsabta har jini ya tsaya, a rufe. Ka kai shi a yi masa allurar tetanus tun yanzu, ciwon nan da ke sandarar da jiki ya ƙulle muƙamuƙi. Ana sabunta ta duk shekara 10, in kuma rauni mai zurfi ne da datti aka kuma haura shekara 5, a sake. Ƙuna a sa ta ƙarƙashin ruwa mai sanyi minti 20, ban da man goge baki, ƙwai ko baƙin mai. Ruwan batir in ya fantsama a ido, a buɗe idon a yi ta kwarara ruwa aƙalla minti 20 kafin ma a nemi abin hawa, ko da fiya wata ne a fasa leda bayan leda.

Masu kisa nan take kuwa ya haddace su. Ba a shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita, kuma bulon siminti ba madogara ba ne, yakan ruguje ba gargaɗi. Ƙafar ƙarfe ko katako mai kauri, a kuma sa waigi a tayoyin da ke ƙasa. Ba a kusantar tankin mai ko duro da wuta don an ce babu komai ciki, wanda babu komai ɗin ya fi fashewa, tururin ne ke kamawa. Tururin fetur ya fi iska nauyi, yana taruwa a ramin gareji. Wutar fetur yashi ko na'urar kashe gobara ake sa mata, ruwa yaɗa ta yake yi. Batirin da ke caji yana fitar da iskar da tartsatsi ɗaya ke tayarwa, don haka wajen kwancewa a fara da kan nagatif, wajen ɗaurawa a ƙare da shi, zobe da agogon ƙarfe kuma a cire. Murfin lagireto ba a buɗe shi inji na da zafi. Giris ko mai kada su taɓa kan tukunyar iskar oksijin. Inji ko janareta ba a barin su suna aiki a rufaffen shago, hayaƙin da ke kisa ba shi da wari, barci kawai mutum zai ji. Girandar da aka cire wa murfi don a sa babban faifai, ya ƙi taɓa ta. Jallabiya da riga mai faɗin hannu bel ɗin inji na kama su, silifas kuma ba takalmin gareji ba ne.

Kunne ma ya kula. In sai ya ɗaga murya wanda ke kusa da shi zai ji, ƙarar ta kai mizanin da ke cin ji, wato wajen desibel 85, giranda da gudumar masu gyaran bodi kuma sun haura nan sosai. Jin da ya tafi ta wannan hanya ba ya dawowa. 'Yan toshe kunne na soso suna da araha.

Saura yadda za ka tunkari maigidansa, kuma nan ne yawancin iyaye ke ɓata lamarin. Mutumin nan haka aka koya masa, da fetur ya wanke hannu tun yana yaro, kuma yana ganin ga shi nan da ransa. In ka je da sigar gyara masa aiki a gaban yaransa, ɗanka ne zai biya. Ka same shi shi kaɗai, ka yi masa godiya, ka ce idon yaron ne ya hana gida barci, kana roƙon alfarma. Kayan ka saya da kanka: farin tabarau na kariya, garkuwar walda, safar hannu ta fata don walda da ta roba mai kauri don mai da batir, takalmi rufaffe ko na gwanjo ne, sandar sabulu da ƙaramar jarka. In da hali ka sayi tabarau biyu ka ba maigidan ɗaya, sabulun kuma ka ce na kowa ne. Sa'anninsa za su yi masa dariya, su kira shi ɗan gayu ko likita. Ka faɗa masa tun a gida don kada ya ɓoye kayan a jaka ya dawo maka da su sababbi. Safar hannu dai ya cire ta in zai yi aiki kusa da abin da ke juyawa, kamar injin huda ƙarfe, domin tana iya jan hannun ciki.

Nijeriya ta sa hannu a 2002 kan yarjejeniyar Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya da ta hana sa wanda bai kai 18 ba aiki mai haɗari, amma ni da kai mun san ba wani jami'i da zai leƙa garejin bakin titi, ko a Ƙofar Ruwa ta Kano ko a Panteka ta Kaduna. Kai ne mai dubawar. Ka roƙi a ɗauke masa fesa fenti, fasa batir da tsotson fetur har ya girma. Ka riƙa leƙawa ba tare da sanarwa ba, ka duba hannunsa duk Juma'a; in ana bin abin da na faɗa, cikin mako biyu zuwa uku tsagar za ta fara rufewa. Idan kuwa maigidan ya hana shi sa kayan, ko ka tarar ana tura yara ƙarƙashin mota a kan jak, ko ana narka dalma inda suke cin abinci, ko manyan yaran suna shaƙar fetur da sholisho, to ka nema masa wani garejin, ka kuma je ka ga wurin da idonka kafin ka miƙa shi.